Gidan Haya da Bashin da Ke Kansa

Shekarar da na sayi gidan hayana na farko, lissafina gaba ɗaya bai cika shafi guda ba. Na rubuta abin da sassa huɗu na gidan za su kawo a wata, na ninka sau 12, na cire abin da zan riƙa biyan bankin da ya cika mini kuɗin sayen, sai na ga saura mai faranta rai, na ja masa layi biyu a ƙasa. Littafin yana wurina har yau, kuma duk lokacin da na buɗe wannan shafi, abin da ke fara ɗaukar hankalina shi ne abubuwan da ban rubuta ba. Babu watan da ɗaki zai zauna babu kowa, babu rufin da zai yi yoyo, babu la'adar dillali, babu ɗan hayar da aikinsa zai tsaya ya zo neman a ɗaga masa ƙafa. Na yi lissafin shekarar da komai zai tafi daidai, alhali a duk tsawon zamana cikin wannan harka irin wannan shekarar ba ta taɓa zuwa ba ko sau ɗaya.

A wata na bakwai ne ɗaya daga cikin 'yan hayan ya kira ni da daddare, ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri da kiran dare, amma gara ka zo ka gani da idonka." Da na je na tarar ya janye gadon 'ya'yansa zuwa tsakiyar ɗaki, ya jera bokitai biyu da roba a jikin bango, silin kuwa ya kumbura ya yi baƙi kamar an shafa masa gawayi. Washegari kafinta ya hau sama, ya danna katakon da ke riƙe da kwanon da babban yatsansa, sai yatsan ya nutse. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce, "Yallaɓai, wannan ya wuce faci. Idan na yi maka faci yau, kafin wata uku za ka sake nemana, kuma a lokacin har bango zai shiga ciki." Ana cikin wannan aiki sai mai sashe na biyu ya sami canjin wurin aiki ya tashi, sashen ya yi wata huɗu a rufe. Ranar biyan banki kuwa ba ta matsa ko da kwana ɗaya ba. Na biya daga albashina wata biyu, a na uku na je wurin yayana na karɓi rance, ina jin nauyin abin a raina domin shi ma yana da nasa iyalin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a daidai wannan lokaci dillalin da ya haɗa cinikin yana gaya mini cewa darajar gidan ta tashi, kuma gaskiya ya faɗa. A takarda na fi ranar da na saya arziki, amma a aljihuna babu abin sallamar kafinta. Tun daga nan na daina haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya. Darajar gida magana ce ta ranar da za a sayar da shi, wadda ƙila ba za ta zo ba sai bayan shekaru 15 ko 20, shi kuwa kuɗin da ke shiga yana fita kowane wata shi ne zai nuna ko mutum zai kai wannan ranar yana riƙe da gidansa, ko kuwa za a tilasta masa sayarwa a lokacin da bai shirya ba, a farashin da mai saye ya ga dama.

Da na kai wa kawuna labari, wanda ya daɗe yana ba da haya tun ina yaro, bai tambaye ni nawa na sayi gidan ba, bai kuma tambayi nawa yake kawowa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, idan rabin mutanen nan suka tashi gobe, wata nawa za ka iya biyan bashin nan ba ka taɓa abin ciyar da iyalinka ba?" Na ce masa ko wata ɗaya ba zan iya ba. Sai ya ce to ashe tun ranar da na sa hannu a takarda ya kamata in yi wa kaina wannan tambaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zan faɗa daga nan zuwa ƙasa ƙoƙari ne na mayar da tambayar kawuna zuwa lissafin da kowa zai iya yi da biro da takarda.

Mu ɗauka farashin gida 1000 ne, kowa ya ƙara sifili iya yadda ya dace da kuɗin ƙasarsa, kuma hayarsa ta shekara 100 ce. Dillali zai ce wannan gida yana kawo kashi 10 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Idan aka ware wata ɗaya a shekara na zaman ɗaki babu kowa ko hayar da ta maƙale, 8 sun tafi. Gyare-gyaren yau da kullum tare da abin da ya kamata a riƙa tarawa domin manyan ayyuka, irin su rufi da wayoyin lantarki da bututun ruwa, a ce 12. Haraji da inshora a ce 8, mai kula da gida ko wakilin da ke karɓar haya a ce 7. An kashe 35, saura 65. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowane gida da nasa, tsohon gini kuma ya fi sabo cin kuɗi nesa ba kusa ba, amma 65 ɗin nan ita ce ainihin abin da gidan ke haifarwa, wato kashi 6.5 cikin 100, kuma da ita za a auna kowane bashi.

Wanda ya saya da kuɗinsa tsaf, 65 ɗin tasa ce. Wanda ya sa 300 nasa ya ciyo 700, dole ya duba tsadar kuɗin da ya ciyo. Idan tsadarsu kashi 5 cikin 100 ce a shekara, zai biya 35, ya rage da 30 a kan jarinsa na 300, wato kashi 10 cikin 100, ya fi wanda bai ci bashi ba samu. A nan ne bashi ke da daɗi, kuma wannan lissafi ne ake nuna wa masu sha'awar shiga harkar. Amma idan tsadar ta koma kashi 8, zai biya 56, ya rage da 9 kacal, kashi 3 cikin 100 ke nan na jarinsa. Idan ta kai kashi 10, zai biya 70 a kan gidan da ke haifar da 65, ya zama kowace shekara shi ke ciyar da gidan daga aljihunsa. Gida ɗaya ne, 'yan haya ɗaya ne, abin da ya canza tsadar kuɗi ce kawai. Muddin tsadar bashi tana ƙasa da abin da gida ke haifarwa bayan an cire duk ɗawainiya, bashi yana ƙara wa mai jari samu, da zarar ta haura kuwa, kowane ƙarin bashi ƙarin asara ne. Na ga mutane da dama suna gwada tsadar bashi da kashi 10 ɗin dillali maimakon 6.5 na gaskiya, kuma wannan kuskure guda ɗaya ya isa ya jefa mutum cikin wahalar shekaru.

Haka abin yake ta ɓangaren daraja. Idan farashin wannan gida ya faɗi da kashi 20 cikin 100, ya koma 800, bashin 700 yana nan yadda yake, jarin mai gida na 300 ne zai koma 100, wato kashi biyu cikin uku sun tafi. Wannan shi ne ya faru da ɗimbin mutane a Amurka bayan farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006 sannan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarun da suka biyo baya. Da yawa sun sayi gidaje da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga aljihunsu, da bashin da ke farawa da sauƙi na shekara biyu ko uku kafin ya yi tsalle, suna dogaro da cewa kafin lokacin za su sayar ko su sabunta bashin. Da farashi ya faɗi sai ƙofofin biyu suka rufe lokaci guda. Waɗanda hayar gidajensu ke iya ɗaukar biyan bashi sun sami damar jira har kasuwa ta farfaɗo, waɗanda ba ta iya ɗauka kuwa sun rasa gidajen.

Har yanzu ban sa biyan uwar kuɗi a lissafin ba, kuma a nan ne wa'adin bashi ke shigowa, abin da mutane ke yanke hukunci a kansa cikin gaggawa alhali shi ne ke tsara rayuwarsu ta kowane wata. Bashin 700 a kan kashi 5, idan za a biya shi cikin shekara 10, yana buƙatar kusan 89 a shekara, gidan kuwa 65 yake haifarwa, giɓin 24 ke nan da mai gida zai riƙa cikewa. Idan shekara 20 ce, biyan zai zama kusan 55, a rage da kusan 10. Idan shekara 30 ce, kusan 45, a rage da 20. Amma mai shekara 10 zai biya ƙarin kusan 190 ne kawai a kan uwar kuɗin, mai shekara 20 ya biya ƙarin kusan 410, mai shekara 30 kuwa ƙarin kusan 650, wanda ya kusa kamo uwar kuɗin kanta. Gajeren wa'adi ya fi araha amma yana shaƙe wuya, dogon wa'adi yana ba da numfashi amma yana da tsada. Ni dai ra'ayina, wanda na kai gare shi bayan na ɗanɗana shaƙar, shi ne mutum ya zaɓi wa'adin da gidan zai iya ɗauka a mummunar shekara, sannan ya tabbatar tun kafin sa hannu cewa yarjejeniyar ta ba shi damar biyan ƙari duk lokacin da ya samu ba tare da tara ba. Ta haka idan shekara ta yi kyau sai ya rage bashin da kansa, idan ta yi tsanani kuma abin da ya wajaba a kansa kaɗan ne. Wannan sharaɗi na biya kafin lokaci yakan ɓuya a can cikin shafukan da ba a karantawa, ya kamata a nemi lauya ya nuna shi da yatsa.

Bankunan da suka san aikinsu suna da ma'aunin da suke amfani da shi, kuma babu abin da zai hana mai jari ya ara. Suna raba abin da gida ke haifarwa da abin da za a biya su a shekara, kuma da yawansu suna son amsar ta kai 1.2 ko 1.25. A misalinmu na shekara 20, idan aka raba 65 da 55 za a sami abin da bai kai 1.2 ba, ma'ana bashin 700 ya yi wa gidan yawa. Domin a kai 1.25, biyan shekara bai kamata ya wuce 52 ba, wato bashin ya tsaya a wajen 650, mai saye ya ƙara 50 daga nasa ko ya nemi ragi a farashi. A Birtaniya, tun daga 2017 hukumar da ke sa ido a kan bankuna ta sa masu ba da bashin gidan haya su riƙa gwada ko hayar za ta iya ɗaukar kuɗin ruwa idan ya kai aƙalla kashi 5.5, sai fa idan an ƙayyade shi na shekara biyar ko fiye, kuma bankuna kan nemi haya ta kai kashi 125 cikin 100 na kuɗin ruwan, wasu ma 145. A lokacin da aka kawo wannan ƙa'ida kuɗin ruwa yana ƙasa ƙwarai, har wasu suna ganin takura ce marar dalili.

Shekaru kaɗan bayan haka dalilin ya bayyana. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 0.1 a Disambar 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. Na Amurka ya tashi daga kusan sifili a Maris na 2022 zuwa tsakanin 5.25 da 5.5 a Yulin 2023. Masu gidajen haya a ƙasashen biyu ba su ji abin iri ɗaya ba, kuma bambancin daga tsarin bashinsu ya fito. A Amurka an saba da bashin da ake ƙayyade kuɗin ruwansa na shekara 30, don haka wanda ya karɓa a farkon 2021, lokacin da yake ƙasa da kashi 3, biyansa bai motsa ba ko da sababbin masu karɓa suka koma biyan fiye da kashi 7 a ƙarshen 2023. A Birtaniya kuwa yawanci shekara biyu ko biyar ake ƙayyadewa, sannan da yawa daga masu gidajen haya kuɗin ruwa kaɗai suke biya, uwar kuɗi tana nan, saboda haka da wa'adin ƙayyadewar ya ƙare, wasu suka wayi gari biyansu na wata ya ninka. Haya ba ta ninkawa a dare ɗaya, domin akwai yarjejeniya, akwai doka, akwai kuma iyakar abin da ɗan haya zai iya fitarwa daga albashinsa. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa bashin da tsadarsa ke hawa da sauka, ya sake lissafinsa da ƙarin kashi 2 ko 3 a kan abin da aka gaya masa, ya ga ko gidan zai tsaya da ƙafarsa.

Na san da yawa daga masu karanta wannan rubutu ba sa kusantar kuɗin ruwa saboda addini, ni ma ta hanyar da babu ruwa na karɓi nawa, don haka ina so in yi magana a fili: guje wa riba bai ɗauke wa mutum wannan lissafi ba. A tsarin murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar maka da ƙarin da aka amince da shi, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma alherinsa shi ne jimillar ba ta canzawa, ka san abin da ke kanka tun ranar farko. A tsarin ijara, da kuma musharakar da rabon banki ke raguwa a hankali, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayen kason sannu a hankali, amma ana sake duba wannan haya lokaci-lokaci, kuma bankuna da dama suna ɗaure ta da wani ma'aunin kasuwa da ke hawa idan kuɗi ya yi tsada. Ke nan tambayoyin suna nan daram: nawa zan biya a wata, wa ke da ikon canza shi, bayan wane lokaci, kuma idan rufi ya lalace ko gidan ya zauna babu kowa, shin abokin tarayyar nan zai ɗauki kasonsa na asara ko kuwa an rubuta cewa duk a kaina yake? Ban yi wannan tambaya ta ƙarshe ba sai da kafinta ya sauko daga saman gidan, kuma amsar tana nan a rubuce cikin takardar da na riga na sa wa hannu.

Akwai kuma tarkon da nake roƙon kowa ya nisanta, wato cin bashi da kuɗin wata ƙasa alhali haya da kuɗin ƙasar da gidan yake ake biyanta. Dubban ɗaruruwan iyalai a ƙasar Folan sun karɓi bashin gida da kuɗin Suwizalan kafin 2008 saboda ruwansa ya fi sauƙi. Kuɗin ya yi ta ƙara tsada a kansu, sannan ranar 15 ga Janairun 2015 Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa wa darajar kuɗinsa a kan yuro, kuɗin ya yi tsalle cikin sa'o'i, wasu suka tarar bashin da suka shekara da shekaru suna biya ya fi ranar da suka karɓe shi yawa idan aka auna da kuɗin ƙasarsu.

Ajiyar ko-ta-kwana ita ce amsar tambayar kawuna kai tsaye, kuma ita ce abin da masu sabon shiga suka fi rainawa, domin suna ganin kuɗin da ke kwance a asusu kuɗi ne da ba ya aiki. Ni yanzu ba na ɗaukar gida a matsayin wanda na gama saye sai na ware abin da zai biya bashinsa da ɗawainiyarsa na wata shida ko da ko sisi bai shigo ba, a asusu dabam wanda ba na taɓawa don hidimar iyali. Idan kuɗin hannuna ba su isa kafin alƙalami da kuɗin lauya da na rajista da wannan ajiya ba, to gidan ya fi ƙarfina a yanzu, ko da banki ya ce ya amince. Wanda ke ganin wata shida ya yi yawa ya tuna da annobar korona: a Amurka hukumar lafiya ta tarayya ta hana korar 'yan haya da dama saboda rashin biya daga Satumbar 2020 har zuwa Agustan 2021, kuma wasu ƙasashe sun ɗauki irin wannan mataki. Matakin ya ceci iyalai daga kwana a titi, ban kuma ga laifinsa ba, amma mai gida ɗaya ko biyu wanda ba shi da ajiya ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Ajiya tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato tana ba mai gida damar yin adalci. Wanda ranar biyan banki ke binsa da gudu shi ne ke matsa wa ɗan hayar da ya shekara biyar bai taɓa saɓawa ba saboda jinkirin mako biyu, ya kore shi, sannan ya yi asarar wata uku yana neman wani.

Lokacin shigowar kuɗi ma abin dubawa ne. A wasu wurare wata-wata ake biyan haya, a wasu kuma ana karɓar ta shekara guda a dunƙule. Dunƙulallen kuɗi yana ruɗar ido, mutum ya ga kamar ya samu, ya kai shi wata hidima, ya manta cewa na wata 12 ne kuma bashi zai zo karɓar nasa sau 12. Abin da nake yi shi ne in zuba shi a asusun gidan, in riƙa fitar da kason kowane wata idan watan ya kama. Kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna kuwa amana ce, nasa ne har ranar da zai tashi, a ƙasashe da dama ma doka ta wajabta a ajiye shi a keɓe. Haraji kuma kada a ɗauka zai zauna yadda aka same shi. Birtaniya ta fara rage wa masu gidajen haya damar cire kuɗin ruwa daga abin da za a yi wa haraji a 2017, ta kammala a 2020, kuma waɗanda suka fi jin zafin su ne masu bashi da yawa.

Shawarar da ta fi wuya takan zo ne bayan abubuwa sun daidaita, lokacin da gida ya fara barin rara. Mutum zai iya rage bashi da ita, ko ya gyara gidan don haya ta ƙaru, ko ya tara ya sayi na biyu. Za a kuma zo masa da shawara ta huɗu mai zaƙi, cewa tunda darajar gidan ta tashi, ya sake jinginar da shi ya ciro ƙarin kuɗi ya yi kafin alƙalamin wani gidan, daga nan ya sake yin haka da na biyun. Da wannan dabara wasu suka tara gidaje masu yawa cikin 'yan shekaru, ban musa ba, amma kowane zagaye yana mayar da gidan da ya fara samun sauƙi cikin matsi, kuma idan aka ɗaure gidajen da jingina ɗaya, matsalar guda tana iya jan sauran. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne. Rage bashin da tsadarsa kashi 8 ce daidai yake da samun ribar kashi 8 tabbatacciya, babu ɗan haya, babu yoyo, don haka sabon gida sai ya nuna zai haifar da abin da ya fi wannan a fili kafin ya cancanci kuɗina. Idan kuma jarin bai isa ba, na fi son abokin tarayya na gaskiya, wanda zai ci riba tare da ni ya kuma ɗauki asara tare da ni, a kan ƙarin bashi, da sharaɗin a rubuta komai, har da yadda za a rabu idan ɗaya ya buƙaci kuɗinsa. Ko rancen da na karɓa a wurin yayana sai da muka rubuta shi da ranar biya da shaidu, shi ne ma ya nace a kan haka, yana tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Bara an kawo mini tallan wani gida mai sassa shida, ginin yana da kyau, unguwar kuma ana nemanta. Na ɗauko littafin nan na buɗe sabon shafi, na rubuta hayar wata 11 maimakon 12, na je da kafinta ya hau sama ya duba katako, na sa mai gyaran famfo ya buɗe kowane bututu, na ƙara kashi 2 a kan tsadar kuɗin da aka yi mini tayi. Da na raba abin da gidan zai haifar da abin da zan biya, amsar ta tsaya a 1.1. Na lissafa farashin da zai kai ta 1.25, na kai wa mai gidan tayin tare da takardar lissafin don ya ga inda na samo shi. Ya karanta a tsanake, ya ce ya fahimta, amma akwai wanda ya yi masa tayin da ya fi nawa, kuma bayan mako uku aka sayar wa wancan. Kuɗin da na tanada na raba su biyu, rabi na rage bashin gidan farko, rabi kuma na sauya wayoyin lantarkinsa gaba ɗaya, aikin da mai gyara ya shekara biyu yana gaya mini lokacinsa ya yi.